Jar Fitilar da Kawu Bai Gama Gwadawa Ba

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma, kuma Kawuna, yayan mahaifiyata, ya riga mu tafiya. Ya cika da hantsi a ƙarshen damina, masara ta fara bushewa a gona, aka kai shi kafin la'asar. Mu mata ba ma zuwa maƙabarta, amma muna da kunne. Daga cikin gida na saurari takun masu rakiya, na san ba su da yawa. Na sha jin yadda ƙasa ke amsawa idan aka fita da gawar dattijo a wannan ƙauye namu na ƙasar Faskari, kuma a ranar ban ji ta amsa ba.

Masu gaisuwa sun zo, ba zan yi musu ƙarya ba. Amma gaisuwa iri-iri ce. Wata za ta tsaya daga bakin ƙofa ta ce, "Ya haƙuri? Allah shi jiƙan rai," ta juya tun ba a gama amsa mata ba. Wata za ta zauna, bakinta na addu'a, idonta na kan ƙofar ɗakin Kawu. Ba wadda ta ce mutumin kirki ne, kalmar da ake yi wa ko mafaɗacin unguwa kyautarta ranar mutuwarsa. Da kunnena na ji wata tana raɗa wa ta kusa da ita, "Allah dai shi ya san abin da ke cikin ɗakin can." Inna, matar Kawu, ita ma ta ji. Ta ja mayafin takabarta ta rufe fuska. Mahaifiyata da ta taso daga Damari a ƙasar Sabuwa ta danne mini gwiwa da hannu, don ta san bakina.

Mutum biyu ne gaisuwarsu ta bambanta. Na farko aminin Kawu ne, wani dattijo manomi daga wajen Mabai a ƙasar Ƙanƙara, Bamaguje da ya koma Kirista tun yana saurayi. Ya hau tsohon babur ɗinsa ya biyo hanyar da samari ma ke tsoro, ya zauna a tabarmar maza ya ce sai an yi sadakar uku zai tafi. Ta biyu matar taubashina ce. Kullum da sassafe za ta shigo, ta tattara kwanuka ta wanke, ta share tsakar gida, hawaye na zuba, ba ta magana da kowa. Na yi mamakinta, domin mijinta bai ɗauki makara ba, bai zauna a tabarma ba.

Taubashin nan nawa ɗan babban yayan su Kawu ne, kuma shi ne shugaban 'yan sa-kai na ƙauyenmu. Tun yarinta wasa ke tsakanina da shi, kowa na cewa ɗan'uwansa bawansa ne. Wasan ya mutu. A rana ta biyu ya aiko da saƙo cewa idan Inna ta fita takaba ta koma wurin danginta a Ƙanƙara, a rufe gidan, don gari ba zai zauna da gidan infoma ba.

Wanda bai zauna ƙasar nan a shekarun nan ba, ba zai gane nauyin wannan kalma ba. Infoma shi ne mai kai wa ɓarayin daji labarin mutanensa. Suna ne da ba ya bin mutum kabari ya tsaya can, yana dawowa ya bi 'ya'ya da jikoki, ya hana su aure, wani lokaci ya ɗauke musu rai. Da wannan suna aka binne Kawu. Shi ya sa na zauna nake rubuta wannan, don a san wanda aka binne.

Kawu manomi ne, masara da dawa da waken suya, kamar kowa. Sai dai tun yana saurayi ba ya ganin rediyo ya bar ta da bayanta a rufe. Da tsufa ya zo, ɗansa da ke aiki a Kano ya aiko masa da babbar waya. Wasu tsofaffin wa'azi suke saurare a tasu. Shi kuwa ya gano mutanen da ke nuna yadda ake haɗa ɗan abin nan da ke cikin fitilun sola. Masu gyaran waya fanel suke ce masa, Kawu kuma allo. Ɗan falle ne kore, bai kai akwatin ashana ba, shi ke auna wa ƙwan fitila wutar da zai sha daga batir. In ya yi daidai fitila ta haska lafiya, in ya kuskure ƙwai ya ƙone ko ya yi dishi-dishi. Daga nan Kawu ya kamu. Ɗansa ya riƙa aiko masa da allunan da ba a ɗora musu komai ba, da ƙwayoyin da ake jerawa a kai, wasu ba su fi ƙwayar riɗi ba.

Ba sana'a ya mayar da abin ba, sha'awa ce. Matan da mazansu suka rasu su suka fi cin moriyarsa. Zai aika a karɓo matacciyar fitilarsu, ya cire tsohon allo ya sa nasa, ya mayar. In an yi masa godiya sai ya sha mur ya ce, "Ni ya kamata in gode, kin ba ni abin gwaji."

Ƙwayoyin nan sun yi ƙanƙanta da a bi su ɗaya-ɗaya da zazzafan ƙarfe. Hanyar ita ce a ɗiga kwaɓin dalma, mai kauri kamar man goge haƙori, a kowane gurbi, a jera ƙwayoyin a kai, sannan a gasa allon gaba ɗaya har dalmar ta narke ta kama. Mutanen cikin waya suna da tandun lantarki. Kawu ba shi da lantarki, amma Inna tana da kaskon suyar gyaɗa. Ya zuba yashi a ciki ya ɗora kan gawayi, ya shimfiɗa murfin gwangwani a kan yashin, ya kwantar da allo.

Ranar da Inna ta dawo daga unguwa ta tarar da kaskonta na hayaƙi mai warin ƙaro, an ji su har maƙwabta.

"Malam, kaskon da na gada wurin uwata za ka soya mani ƙarfe a ciki?"

"Ba ƙarhe ba ne, dalma ce. Kuma kin daina suya a cikinshi daga yau, guba ce."

"Au, ka ɓata shi, kuma kai ne mai kafa doka?"

Kwana da kwanaki ba ta yi masa magana ba sai ta bakin jikoki. Ranar kasuwa ya je ya sayo mata sabon kasko, ya ajiye a ƙofar ɗakinta. Ta ɗauka ta shige ɗaki da shi. Haka suke ba juna haƙuri tun ina yarinya.

Ni na shigo aikin ne ta ƙofar ido. Bayan rasuwar mijina na dawo kusa da su, ina ɗinkin hula ina ciyar da 'ya'yana. Wata rana na tarar da Kawu da tabarau biyu a hanci, ɗaya kan ɗaya, yana bin wata ƙwaya a tabarma da matsefata, hannunsa na rawa. Na yi masa dariya. Ya miƙo mini matsefatar ya ce, "To mai ido, zo ki nuna mani." Hannun da ya saba da zare da allura bai sha wuya ba. Daga ranar ni ke ɗiga dalma in jera, shi ke kula da wuta.

Kallon da ake yi wa kaskon nan ban taɓa mantawa da shi ba. Da farko dalmar toka-toka ce. Sai ta bushe, sai ɗan hayaƙi ya tashi, sai a ga kamar ba abin da zai faru. Can sai ta yi wal, ta koma fara sol tana ƙyalli daga wannan gefe zuwa wancan, ƙwayoyin su ɗan motsa da kansu kowace ta zauna a gurbinta. A nan ake ɗagawa. In aka yi gaggawa wata ƙafa ba za ta kama ba, in aka yi jinkiri allo ya ƙone. Kawu ba ya numfashi sosai a wannan lokaci, kuma ba ya yarda kowa ya yi magana. In ya sauke murfin a ƙasa sai ya ce, "Kar ki taɓa, kar ki hura, bar shi ya huce da kanshi."

Amma wurinsa haɗawa ba ita ce aikin ba, gwaji ne aikin. Ba ya taɓa jona sabon allo kai tsaye da batir. Sai ya ratsa da ƙwan fitilar babur a tsakani. In ƙwan baburin ya haska sosai, to dalma ta haɗe inda bai kamata ba, sai a cire kafin wani abu ya ƙone. In ya yi ja kaɗan ya lafa, an wuce matakin farko. Sannan ya auna wutar da mita, sannan ya bar fitilar a kunne yana taɓa allon da bayan yatsa ko yana zafi, sannan ya girgiza ta, ya ƙwanƙwasa ta a gwiwarsa. Tambayarsa ɗaya ce a duniya: "An gwada?" Aka kawo sabon irin masara, an gwada? Aka kawo maganin ɓera, an gwada? Da wani ya zo neman 'yata na kai masa labari ina murna, ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "An gwada?" Har jikoki suka laƙaba masa sunan, in ya shigo su ruga suna ihu da shi.

Ba waliyyi ba ne. Yana da taurin kai da ke sa mutum ya ji kamar ya yi kuka. In ya ce ba zai faɗi abu ba, ko sama da ƙasa za su haɗu ba zai faɗa ba. Wannan halin ne ya kai mu inda muka kai.

Shekarar da ɓarayin daji suka shigo mana, taubashina ya rasa babban ɗansa a ƙofar gidansa. Ƙaramar 'yarsa tana ƙarƙashin gado tana ji. Ba na son a ɗauka mugu ne, mutum ne da aka ƙona masa zuciya. Bayan nan ya karɓi shugabancin sa-kai ya kafa doka: daga sallar isha'i ba a kunna fitila a gari, ko ta waya, don kada haske ya nuna wa na daji inda mutane suke. Kowa ya bi. Amma duk unguwa ta san cewa da an kashe fitilu yarinyar nan take fara ihu, ihun da ke sa uwa ta rungume nata ɗan ta toshe kunne. An yi rubutu, an yi hayaƙi, an kai ta asibiti a Funtuwa, ba ta daina ba.

A cikin wannan hali Kawu ya kira ni wata safiya ya ce za mu haɗa wata irin fitila daban. Ja, mai haske kaɗan ƙwarai, wanda zai nuna wa mutum bangon ɗakinsa amma ba zai fita ta taga ba. Na tambaye shi ta wa ce. Ya ce, "Amana ce." Na jera, ya gasa. A ɗaki ta yi daidai, ja kamar garwashin da ya kusa mutuwa. Ni a wurina an gama.

Shi a wurinsa ba a gama ba. Fitilar da aka yi don kada a gan ta daga daji, ai sai an je wajen daji an duba. Gidansa shi ne na ƙarshe ta yamma, bayan katangarsa gonarsa ce, bayan gonar kuma sai dajin. Bayan sallar magariba, kafin lokacin doka ya yi, ya ajiye fitilar a tagar ɗakinsa ya kunna, ya ɗauki sandarsa ya nufi ƙarshen gona, yana tafiya yana waiwaye. Yana tsakiyar gonar fitilar ta ɓaci. Wata ƙafa siririya, wadda aikinta shi ne rage wutar, ashe ba ta kama da kyau ba, da allon ya ɗumama sai ta saki. Fitilar ta fara walƙiya, ja jawur, tana kawowa tana ɗaukewa, ana hango ta daga nesa.

Ku tsaya a inda 'yan sa-kai ke tsaye ku duba. Dattijo shi kaɗai ya nufi daji da duhun magariba yana waiwaye, jan haske kuma na ƙyaftawa daga tagarsa ta ɓangaren dajin. A garin da aka kashe wa mutane, me za a kira wannan?

Da safe suka zo, taubashina na gaba. Suka fasa kaskon, suka kwashe batir da mita, suka ɗauki fitilar a matsayin shaida. Aka zaunar da Kawu a ƙofar gidan mai unguwa, rana na dukansa, jama'a sun yi da'ira. Ya yi bayani dalla-dalla. Na kutsa na ce da hannuna na jera ta, fitilar ɗaki ce.

Taubashina ya ce, "Na ji. Baba, ɗakin wa? Faɗi sunan mai ita in aika a kira shi yanzun nan, magana ta ƙare."

Kawu ya dube shi, ya daɗe yana dubansa, da wani irin kallo da sai yanzu na gane tausayi ne. Ya ce, "Amana ce."

Jama'a suka yi gunaguni. Wani ya ɗaga gora. Mai unguwa da Liman ne suka shiga tsakani, aka tsaya a kan cewa Kawu ba zai ƙara fita gona ba, ba zai ƙara ɗora kasko a wuta ba sai lafiya ta dawo ƙasa. Ya yi alkawari, kuma ya cika. Na roƙe shi ya bar ni in karɓo fitilar in gyara a gaban kowa, ya ce in na sa hannu za su haɗa da ni da marayuna, bai yarda ba. Daga nan aka daina kawo masa fitila. A masallaci sai a bar tazara tsakaninsa da na kusa da shi a sahu. Jikoki suka daina kiran sunan nan, don iyayensu sun hana. Yana zaune a ƙofar ɗaki hannuwansa a kan gwiwa, hannuwan da ban taɓa gani a zaune ba. Ana cikin damina ɓarin jikinsa ya shanye, bai ƙara magana ba har ya cika.

Ranar sadakar uku na tashi da abin da zan yi. Shi ya yi alkawari, ba ni ba, kuma wanda ya hana ni ya tafi. Kwaɓin dalmarsa na nan inda yake ɓoye shi don sanyi, cikin damshin yashin da ke ƙarƙashin randa. Na je na durƙusa gaban Inna na ce ina son sabon kaskonta. Ta san abin da nake nufi, ta san kuma in na ɗora shi ba za ta ƙara suya a ciki ba. Ta nuna mini ƙarƙashin gado da haɓa.

Bayan an shafa addu'a, kafin maza su watse, na ja mayafi na tsaya a cikin zaure, inda na waje ke jina, matan ciki ma suna ji. Na ce, "Malam Liman, a yi mani izini in yi magana." Ya ce in faɗa. Na ce a kira taubashina ya zo da shaidarsa.

Ya zo da bindiga a kafaɗa da fitilar a hannu. Ya ce, "Mi kike nema?"

"A kunna ta kowa ya gani. Sannan in gasa ta a gabanku, a sake kunnawa. In ta ci gaba da walƙiya, ni da kaina za ni raka Inna Ƙanƙara in bar garin."

"In kuma kika ƙona ta? Kin ɓatar da shaida ke nan."

"In na ƙona ta ka haɗa da ni."

Babu batir, babu ƙwan gwaji, duk suna hannunsu. Aminin Kawu ya tashi ya je ya kwance batirin baburinsa, ya ciro ƙwan baya, ya ajiye a gabana. Ya ce, "Ɗiyata, ki yi yadda yake yi."

Na jona. Ta kawo ja kaɗan, aka jira, aka jira, har wani ya fara tsaki. Da ta ɗumama sai ta fara: wal, ɗif, wal, ɗif, har bangon zaure na yin ja da rana tsaka. Mutane suka ja da baya suna salati. Taubashina ya ce, "Kun gani ko? Abin da muka gani ke nan."

Na cire allon daga gidansa, na raba shi da wayoyinsa. Na nemo ƙafar nan da bakin allurar ɗinkina, na taɓa ta, ta motsa. Na nuna wa Liman, ya sunkuyo ya ce shi dai bai ga komai ba, amma ya ga hannuna bai ɓoye komai ba. Na ɗiga dalma kamar kan allura. Na hura gawayi, na zuba yashi, na shimfiɗa murfin gwangwani, na kwantar da allon.

Ban taɓa kula da wuta ba, aikinsa ne. Kuma allon da aka taɓa gasawa ba ya haƙuri kamar sabo. Ɗigon dalmar ya bushe, hayaƙi ya tashi, sannan ba komai. Tsohuwar dalmar da ke sauran gurabun ta ƙi motsi. Na ga gefen allon ya fara sauya launi. Wani daga waje ya ce, "Tana ƙona ta!" Na ji ƙarar bindiga ta sauka daga kafaɗa zuwa hannu. Hannuna ya kai ga murfin zai ɗaga, na riƙe shi da ɗayan. Aminin Kawu ya daka tsawa, "Ku yi shiru, ba a magana a nan!" Can ta yi wal. Ƙyallin ya bi allon daga wannan gefe zuwa wancan, ƙafar nan ta kwanta. Na ɗaga na ajiye a ƙasa. Taubashina ya miƙo hannu, na ji bakina ya ce, "Kar ka taɓa, kar ka hura, bar shi ya huce da kanshi."

Da ya huce na mayar da wayoyi, na ratsa da ƙwan babur. Ya yi ja kaɗan ya lafa. Na sa aka saki tabarma a ƙofar zaure ta waje da ta ciki, wuri ya yi duhu, na kunna. Ja kaɗan, daidai ganin fuskar na kusa da kai. Muka jira fiye da jiran farko. Na girgiza ta, na ƙwanƙwasa ta a gwiwata. Ba ta ƙyafta ba.

Taubashina ya yi magana, muryarsa ta sauka. "Na ga ta gyaru. Amma har yanzu ba a gaya mani ba. Ta wa ce?"

Nan na gane duk abin da na yi bai taɓa wannan tambaya ba. Sai wata murya ta fito daga bayan tabarmar ciki, ta ɓangaren mata.

"Tawa ce."

Matarsa ce. Ta ce, "Ni na roƙi Baba. Yarinyar nan ba ta barci, kai kuma ka kafa doka, na ji tsoron a ce a gidanka aka fara karya ta. Na ce mashi amana, kar ka ji. Ranar da kuka zaunar da shi a rana na aika mashi za ni faɗa, ya aiko mani in yi shiru, ya ce ka rasa ɗa, kar ka rasa mata da girma rana ɗaya."

A wannan jan hasken na ga fuskar taubashina, kuma ba na fatan in sake ganin fuska haka. Ya jingina bindigar da bango. Ya ɗaga tabarma ya fita, aka buɗe masa hanya.

Mun ɗauka ya tafi ke nan. Bayan sallar magariba sai ga shi ya yi sallama, karo na farko tun rasuwar. Ya ce in ajiye fitilar a tagar Baba in kunna. Na ajiye. Muka tsaya bayan katanga, ni da Inna da aminin Kawu, muna kallonsa ya ratsa busasshiyar masarar da mai ita bai ga nunarta ba, yana tafiya yana waiwaye. Ya wuce inda Kawu ya tsaya, ya kai ƙarshen gona, har bakin dajin da makasan ɗansa suka fito. Ya juyo ya tsaya, ya daɗe a tsaye.

Da ya dawo ya durƙusa gaban Inna, gaban rigarsa a jiƙe. Ya ce, "Ba a ganin komi, Inna. Ko kaɗan ba a gani." Ya ce gida nata ne, shi da kansa zai faɗa a masallaci da asuba. Inna ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Ta shiga ɗaki ta ɗauko fitilar ta miƙa masa ta ce, "Kai wa yarinya." A daren unguwa ta yi shiru, har na kasa barci don rashin sabo.

Washegari tabarmar gaisuwa ta cika, har aka aro ta maƙwabta. Na ji ana ta cewa mutumin kirki ne. Ban tanka ba, don maganar ta zo a makare, wanda ya kamata ya ji ta ba ya nan.

Ya Allah, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka haskaka shi da hasken da ba ya ɗaukewa, Ka yafe masa taurin kansa, Ka yafe wa waɗanda tsoro ya rufe wa ido, Ka dawo mana da lafiya ƙasar nan.

Kawu, na san tambayar da ka tafi da ita a bakin da ya kasa furtawa. An gwada. Ba a gani daga daji, kuma yarinyar tana barci.